Auta da Harshen Gwaggo

Auta ba shi da yatsu. Da wannan zan fara, domin wanda ya ji cewa mutum ya ƙare rayuwarsa yana jan igiyar ƙararrawa zai zaci da yatsu yake ja. Kuturta ta cinye su tun yana saurayi, ta bar masa dungu biyu. A gwiwar hannu yake rataya igiyar, ya kwanta da baya, nauyin jikinsa ya yi aikin.

Ni maƙeri ne, sunana Ya'u, kuma Musulmi ne. Ban taɓa shiga cikin cocinsu ba. Iyakata gindin ƙararrawa, inda aikin ƙarfe yake, kuma a nan na san shi.

Garinmu ƙarami ne a ƙasar Daura, sai an sauka daga titin Zango an bi turɓaya. A bayan gari, tsallaken wani kwari, akwai Unguwar Magani. Turawan mishan ne suka kafa ta tun kafin 'yancin kai don jinyar kutare. Suka gina ɗakin allura, suka gina coci na ƙasa mai rufin azara, wanda daga baya aka sake da jan bulo da kwano. Masu ciwo suka riƙa zuwa daga Sandamu da Babban Mutum, har daga tsallaken iyaka. Yawancinsu sun sha magani sun koma gida da addininsu. Waɗanda dangi suka ƙi karɓa suka zauna, wasunsu suka bi addinin masu jinyar. Auta yana cikinsu. A kan jaki aka kawo shi daga wani ƙauyen Maguzawa, kuma wanda ya kawo shi ko ruwa bai tsaya sha ba.

Ƙararrawa biyu cocin ya yi. Ƙaramar ta hannu ce, ita ake kaɗawa idan lokacin shan magani ya yi. Ta tsage a shekarar babban fari, aka kawo wa mahaifina ya liƙe ta. Ya liƙe, amma muryar ta mutu, ta koma kamar ana dukan kwanon sha, aka jefa ta bayan ɗaki. Babbar ta tagulla ce. An ce jirgin ƙasa ya kawo ta Kano, mota ta kawo ta Daura, amalanken shanu ya ƙaraso da ita. Mutanen unguwar suna kiranta Gwaggo, saboda muryarta mai kauri ce, kuma in ta yi kira sai an amsa. Da farko a kan ginshiƙan giginya aka rataye ta. Da suka tsufa suka karkace, ni na yi mata sababbin ƙafafu na bututun ƙarfe. Duk tsawon aikin Auta yana tsaye a kaina, yana bin kowace walda da ido kamar zan sace wani abu.

Abu uku Gwaggo take yi wa kuka. Akwai kiran sujada ran Lahadi. Akwai gobara, wanda bugu ne a jere ba tsayawa, kuma wannan na kowa ne, domin ko a cikin gari wutar ta tashi Auta yakan buga, mutanen gari su ma sukan tsallaka kwari da ruwa in ta tashi a unguwar. Sai na mutuwa.

Na mutuwar shi ne ya sa nake rubuta wannan. Likitan mishan ya koya masa yadda suke yi a ƙasarsu, bugu ɗaya a madadin kowace shekara ta mamaci. Ranar da aka yi mutuwar farko bayan ƙararrawar ta shiga hannunsa, Auta ya zaga yana tambayar shekarun mutumin, ba wanda ya sani. Likita ya ce ya kintata. Auta ya ce shi ba zai sa ƙarfe ya yi ƙarya ba. Sai ya ƙirƙiro tasa hanyar. Yakan tsaya ya tuna abu ɗaya da ya sani game da mamacin, ya ja igiya, ya jira ƙarar ta mutu, ya tuna wani, ya sake ja. In abin tunawa ya ƙare, bugu ya ƙare.

Hakan ta jawo masa magana. Wani mai rowa ya mutu, Gwaggo ta ɗan yi kuka ta yi shiru, 'ya'yansa suka zo da fushi. Auta ya ce, "Abin da ya bar mini ke nan. Da ya bar da yawa, da na buga da yawa." Wata tsohuwa kuwa mai toya ƙosai, wadda ba ta da kowa, sai da aka gaji da saurare. Daga nan mutane suka gane lissafin. In ya je gaida maras lafiya, sai a ce, "Ga Auta nan ya zo tarin bugu, a shimfiɗa masa tabarma mai kyau."

Yana da aboki a cikin gari, Kalilu ladanin masallacin Juma'a, wanda sa'ansa ne. In suka haɗu a kasuwa Kalilu yakan ce, "Ladanin ƙarfe, yaya maƙogwaron Gwaggo?"

Auta ya ce, "Lafiya lau. Ita ba ta mura, ba kamar wasu ba."

"Ai ita ba ta tashi da asuba."

"Da tana tashi, da an sallame ka."

Ban taɓa jin sun yi maganar addini ba. Abin da na gani shi ne, in lokacin bugu ya haɗu da kiran salla, Auta yakan saki igiya sai an idar. Ba wanda ya sa shi.

Matarsa Laraba ita ma magani ya kawo ta unguwar. Nata ciwon ya bar mata yatsu, amma da tsufa ya zo ya tafi da idanunta. Ita take ɗaure masa maɓallin riga, shi yake jan ta zuwa rijiya. 'Ya ɗaya suka haifa, ƙyanda ta ɗauke ta tana tatata.

A shekarar dubu biyu aka yi rikicin Kaduna, daga baya jiharmu ta ƙaddamar da shari'a. A garinmu ba a taɓa kowa ba. Amma 'yan kudu masu shagunan magani da kayan gyaran babur suka kwashe iyalansu, bencinan coci suka zama fili. Wasu samari suka fara jefa magana in sun wuce bakin kwari. Shugaban dattawan cocin a lokacin Isyaku ne, tela, mutum mai sanyin hali. Ɗansa Kabo yana koyon kanikanci a Kaduna, kuma a rikicin nan ya tafi, ko gawarsa ba a gani ba. Saboda haka da Isyaku ya ce a cire wa Gwaggo harshe, ba wanda ya iya duban idonsa ya ce a'a. Harshe shi ne sandan ƙarfen da yake lilo a cikin ƙararrawa yana dukanta. In babu shi, ko an ja igiya ba abin da za a ji.

Ni aka kira. Kafin in hau tsani, Auta ya matsa kusa da Isyaku ya ce, "Ka bari in buga wa Kabo tukuna. A gabana ya yi rarrafe, ina da abin tunawa."

Isyaku ya ce, "Baba Auta, ɗaya na rasa. Ina da saura a gida."

Na hau na kwance noti, na zuro harshen da igiya. Isyaku ya ce in kai maƙera in yi fartanya da shi. Auta ya rungume shi da dungunsa biyu, ya biyo ni har maƙera, ya ajiye a bayan uwar maƙera, ƙarfen da nake ƙira a kai. Ya ce, "Ɗan maƙera, wannan ajiya ce, ba ƙarfen aiki ba ne." Na ce na ji.

Shekaru suka wuce a haka. Ran Lahadi sai a bi gida gida ana sallama, ana kiran mutane sujada. Duk ranar kasuwa Auta yakan biyo ta maƙera, in ɗaura masa tsumma a dungu, ya tsoma a baƙin mai ya goge harshen, ya tafi. Ba ya daɗewa, ba ya hira. In an yi mutuwa a unguwar kuma, yakan je gindin Gwaggo ya rataya igiya ya ja kamar yadda ya saba. Ƙararrawar ta yi lilo a sama ba murya, sai kukan ƙarfen da take rataye a kai. Na taɓa wucewa na gan shi, leɓensa yana motsi. Ban tsaya ba.

Wata rana na kai wa Laraba wuƙar da na wasa mata, na tarar suna zaune a inuwar darbejiya. Ta ce, "Ya'u, zauna ka zama shaida. Mutumin nan ya buga wa kowa, har da wanda ya sace mana akuya. Ni ba za a kai ni kabari da wannan ƙiƙi-ƙaƙan na ƙararrawa marar harshe ba. Ina so a ji."

Auta ya ce, "Wa ya ce ke za ki riga ni?"

Ta ce, "Ni na ce. In ka riga ni wa zai ɗaure maka wando a can?" Ta juyo inda take jin numfashinsa. "Kuma kar ka tsallake faɗan da muka yi. Duk ka buga."

Ya ce, "To sai a kwana uku ana yi."

Ta yi dariya, shi bai yi ba.

Ta rasu da bazara, a shekarar da aka yi ƙidayar jama'a. Da hantsi na ɗaga kai daga wuta na gan shi tsaye a ƙofar maƙera, ba hula, rigarsa a buɗe ba a ɗaure maɓalli ba. Tun daga rigar na gane.

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba Auta."

Ya ce, "Na zo karɓar ajiya."

Na tambaye shi ko ya yi magana da Isyaku. Ya ce ya yi, Isyaku ya ce zaman lafiyar da aka samu kar a taɓa shi. Faston da yake zuwa musu daga Daura kuma ba a same shi ba. Na ce to mu je wurin Dagaci, in ya yarda bakin kowa ya mutu. Muka same shi a zaure. Ya yi ta'aziyya mai kyau, ya ambaci kirkin Laraba. Da na kawo maganar, sai ya ce, "Ni dai ban taɓa hana ƙararrawa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ke nan a mayar?"

Ya ce, "Ban ce a mayar ba. Na ce ban hana ba."

Na sake tambaya ta wata hanya, ya sake ba ni amsar nan da wasu kalmomi. Muka fito. Rana ta fara zafi, gawa kuma ba ta jiran a gama zance. Na koma maƙera na ɗauki tsani da sufanar ɗaure noti, Auta ya rungumi harshen, muka tsallaka kwari.

Maza duk suna maƙabarta a bayan unguwa suna fama da kabari, domin ƙasar bazara ta yi tauri, diga tana tashi kamar a kan dutse. Mata suna gidan rasuwa. Ba wanda ya ga hawana. Notin ya shiga ba gardama, domin mai bai taɓa bushewa a jikin harshen ba. Na sauko na yi wa igiya zobe, na naɗe da tsumma, na zura masa a gwiwar hannu na ɗaure, don ƙarfinsa ba kamar da ba ne.

Ya rufe ido. Ya kwanta da baya.

Na manta yadda muryarta take. Sai da na ji ta a haƙarƙarina. Tsuntsaye suka tashi daga rufin coci. Ya jira ƙarar ta mutu, na ji ya ce a hankali, "Ranar da ta zo, da tabarma a ka." Ya sake ja. "Ta ce mini kanka kamar tulu." Ya sake ja.

Isyaku ne ya fara isowa, da gudu, ƙasar kabari har gwiwarsa. Bai yi wa Auta magana ba, ni ya fuskanta. "Ya'u, kai za ka koma cikin gari ka kwana lafiya. Mu fa?" Gaskiya ya faɗa.

Mata suka fito daga gidan rasuwa, sai wata cikinsu ta yi nuni da hannu wajen gari. Jama'a ce take gangarowa cikin kwari, da yawa, da gudu, samari a gaba. Mata suka kwashi yara suka shige coci, na ji an saka sakata. Isyaku ya kama igiyar a saman hannun Auta da hannu biyu.

"Baba Auta, don Allah. Ga su nan."

Auta bai buɗe ido ba. Ya ce, "Sakar mini. Ko aurenmu ban kai ba."

"Za su kashe mu a kan ƙarfe."

"Sakar mini, Isyaku."

Ban san ko sakin ya yi ko hannunsa ne ya mutu ba. Igiyar dai ta zame, Gwaggo ta sake yin kuka. Na ɗauki sufana na tsaya a bakin hanya, ban san abin da zan yi da ita ba.

Da na gaba suka hauro daga kwari, na ga abin da yake hannunsu. Bokitai ne da jarkoki. Wani ya ɗauko tulun uwarsa, wani ɗan garuwa yana turo kurarsa tana tangaɗi. Na farkonsu ya tsaya yana haki ya ce, "Ina wutar?"

Yaran nan sun tashi ba su san muryar Gwaggo sosai ba. Abin da suka riƙe daga bakin iyayensu shi ne, in ta yi kuka ba ran Lahadi ba, gobara ce. Ba zan ce duk da ruwa suka zo ba. Na ga mutum biyu a baya da gora, kuma gora ba ta kashe wuta. Sun tsaya daga nesa, suka duba, suka juya. Abin da yake zuciyarsu Allah ya sani.

Can sai ga Kalilu yana dogara sanda, ya tsufa ƙwarai, yana faɗa tun daga nesa. "Ku ba ku da kunne ne? Bugun wuta ba ya tsayawa. Ku saurara, wannan yana numfashi. Mutuwa aka yi." Ya iso ya dubi Auta, ya dubi rigarsa. Ya ce, "Laraba ce?" Na ce ita ce. Sai ya juya ga samarin. "To kun kawo ruwa, kar ku mayar. Ku kai maƙabarta."

Suka bi Isyaku, shi yana gaba yana tafiya kamar wanda aka tasa daga barci. Aka tuttule ruwan a ramin, ƙasa ta yi laushi, diga ta shiga. Wasu suka ajiye bokiti suka karɓi shebur, wasu suka koma gida abinsu. Aka zare sakatar coci.

Duk wannan Auta bai waiwaya ba. Ina kusa da shi, ina jin wasu, wasu suna ɓacewa a cikin ƙarar. Kunun tsamiyar da ta dama masa da zazzaɓi ya kama shi. Ranar da ta jefe shi da ludayi. Sunan 'yarsu, wanda ya faɗa ya daɗe bai ja ba. Yadda take laluba fuskarsa da safe ta ce ya ƙara muni.

Da rana ta take tsaka Kalilu ya matso ya ce, "Ladanin ƙarfe, zan je in kira salla."

Auta ya ce, "Je ka. Ina jiranka."

Ya tsaya da igiya a hannu, ni ma na tsallaka na yi salla na dawo. Da aka idar ya ci gaba. Sai da inuwar ƙafafun ƙararrawa ta miƙe gabas sannan ya ja na ƙarshe, ya tsaya yana saurare har ƙarar ta ƙare. Ya buɗe ido ya ce, "Shi ke nan abin da na sani."

Da na kwance zoben, tsumman ya jiƙe da jini. Igiya ta ci fatar har nama, shi bai ji ba, domin wurin ya daɗe da mutuwa. Ina ɗaure masa sai ga Isyaku ya dawo kiran mutane a ɗauki gawa. Ya tsaya yana duban hannun. Sannan ya ce, "Baba Auta, in hannun ya warke, Kabo bai samu nasa ba."

Auta ya ce, "Ba sai ya warke ba, akwai ɗayan. Amma gobe. Yau tata ce."

Tsanina yana jingine a jikin ƙarfe. Na ce wa Isyaku, "In hau in sauke, ko yaya?" Ya sunkuya ya ɗaure wa Auta maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saɓi tsanin a kafaɗa ya kai mini har maƙera, ya dawo aka ɗauki Laraba.

Washegari aka buga wa Kabo.

Auta bai daɗe ba bayanta, damina biyu ya ƙara. Ranar da ya rasu Isyaku ne ya kama igiya. Ya yi nasa tunanin ya buga, bai yi nisa ba ya tsaya, ya ce shi a tsufansa ya san shi, abin da yake da shi kaɗan ne. Kalilu ya riga ya rasu. Ni ba na jan igiyar coci, kuma ba wanda ya nemi in ja. Na tsaya a inda na saba tsayawa, na ce, "Yana goge harshen nan duk ranar kasuwa." Isyaku ya ja. Na ce, "Bai taɓa yarda da waldata ba sai ya taka ta da ƙafa." Ya ja. Muka yi ta yi a haka har nawa ya ƙare.